Baba Shekari, Mai Bin Sawun Baƙin Mai

Kafin rana ta hau kan rufin gidajen unguwar Television a Kaduna, Baba Shekari ya riga ya kama hanyar garejinsa da ke gefen titin Kachia. A da a kan keke yake zuwa. Yanzu tura keken yake yi, jakar sifanoninsa a rataye a jiki, domin bayansa ya daina yarda da sirdi. Idan ya iso, ba ya fara taɓa ƙarfe. Yakan zagaya motocin da suka kwana a wurin, kansa a sunkuye kamar mai neman allurar da ta faɗi, yana duban ƙasar da ke ƙarƙashin kowace. Inda ya ga ɗigo, sai ya dafa gwiwa, ya sauka a hankali, ya dangwala da yatsa, ya murza, ya shinshina. Saukar tana ɗaukar lokaci, tashin kuwa ya fi. Daga nan ne yake zama a benci, ya buɗe gorar kunun da matarsa, Maman Dauda, ta ɗura masa, ya sha.

Garejin ba wani abin kallo ba ne. Rumfar kwano ce da benci da tsohuwar durom ta ruwa. Babu ramin da ake shiga a duba ƙarƙashin mota. Kwali ne kawai ake shimfiɗawa, mutum ya kwanta rigingine ya ja jiki. A kan irin wannan kwali Baba Shekari ya ƙarar da ƙuruciyarsa, tun yana gyaran manyan motocin gas na masu kwangilar hanya, har ya dawo ya zauna da kansa.

Gyara yana yi, amma ba da shi aka fi saninsa ba. Tun da abubuwa suka tsuke, sabuwar mota ta fi ƙarfin talaka, masaƙun Kakuri kuma suka fara rage ma'aikata, mutane da yawa suka koma neman tsohuwar akori-kura mai shan gas, su riƙa dakon kaya su ci abinci. Kusan duk wanda ya yi niyyar saye a wannan gefen kogin Kaduna, daga Kudenda zuwa Mahuta, sai an ce masa, "Ka kai wa Baba Shekari ya gani tukuna."

Aiki ne mai gajiyar da zuciya. Mutum ba ya zuwa wurinsa sai ya riga ya ƙwallafa rai a kan motar. Ya riga ya faɗa wa matarsa, ya riga ya zaɓi ayar da za a rubuta a bayanta. Abin da yake so shi ne dattijo ya sa albarka. Shi kuwa dattijon sai ya buɗe bonet, ya fara bin sawun baƙin mai.

Yana da abin da yake faɗa wa kowa, ya faɗa har ya gaji da jin muryarsa. "Mai ba ya hawa sama. Gangarowa yake yi, iska kuma ta kora shi baya. Inda ka ga ya ɗiga, ba nan ya fito ba. Bi shi sama har inda baƙin ya ƙare, can ne gidansa." Idan sawun ya kai shi murfin saman injin, yakan ce wannan mura ce, gasket ne, wato robar bakin murfin, kafin azahar an gama. Idan kuwa ya kai shi mahaɗar injin da giyabos, sai ya yi ajiyar zuciya, domin sai an sauke giyabos kafin a kai ga sil ɗin da ke tare mai a wurin. Yakan bambance man gas, mai ruwa-ruwa da ƙauri, da man giya mai kauri da wari, da baƙin man injin. Daga ƙarshe sai ya sa a tayar da motar, ya kwance murfin da ake zuba mai, ya ɗora shi sako-sako a bakin ramin. Idan murfin ya zauna lafiya, to. Idan ya fara rawa, hayaƙi na bulbulowa kamar tukunyar dambu, to injin ya gaji daga ciki, numfashinsa ne ke tura mai waje ta kowace kafa, kuma ko sil nawa aka canja sai ya sake fasa wani.

Sau da yawa amsarsa a'a ce. Mai saye ya tafi rai a ɓace, mai sayarwa ya tafi da ƙullaci. Wanda ya ji maganarsa bai ga masifar da ta wuce shi ba, don haka bai san akwai abin godiya ba. Wanda ya ƙi ji, idan ya dawo da motar a ɗaure da igiya, kunya ce ke hana shi sakin fuska. Baba Shekari, kai ne mutumin da alherinsa ba ya barin alama. Likita yana da wanda ya warkar, magini yana da katangar da zai nuna. Kai abin da kake da shi, wahalar da ba ta faru ba ce, ita kuwa ba ta zuwa gaisuwa.

Shekarar da abin da zan ba da labari ya faru, bayan nasa ya riga ya yi tsanani. A asibiti an gaya masa ya daina kwanciya ƙarƙashin mota. Maman Dauda ta ɗauki maganar da muhimmanci fiye da shi. Ta kwashe kwalayen garejin ta kai gida ta hura wuta da su.

A cocinsu akwai wata mata, Eunice, da kowa ke kira Maman Tagwai. An sallami mijinta Filibus daga masaƙa, haka ma mazan mata da yawa a ƙungiyar zumuntar matan cocin. Ita ce ta tara su ta ce, maimakon kowace ta zauna tana tagumi, su haɗa ƙarfi su sayi akori-kura, Filibus ya riƙa tuƙi, su riƙa ɗauko citta da doya daga ƙauyukansu suna kawowa Kaduna. Ta sha wuya kafin su yarda. Wasu sun sayar da keken ɗinki, wata ta sayar da aladunta. Sharaɗin da suka kafa mata ɗaya ne: idan aka fara haƙar citta babu mota, kowace za ta janye nata, magana ta mutu. Maman Tagwai ta san idan ta mutu, ba za ta sake samun bakin tara mata a unguwar ba, kuma gidaje da yawa za su shiga sabuwar shekara hannu wofi.

Suka sami mota wurin wani dillali a Kudenda, Oga Wilson. Fara ce, jikinta sumul, kujerarta ba ta yage ba. Wilson ya yarda su ɗauke ta ranar Asabar su kai wa Baba Shekari, su dawo da ita kafin yamma, don akwai wani mai so.

A nan ne matan suka yi abin da tarbiyyarsu ta koya musu. A gidajen da suka tashi, ba a miƙa wa babba abu da datti. Ko ƙwarya ce sai an ɗauraye. Da suka buɗe bonet suka ga maiƙo da ƙura sun dafe a jikin injin, sai kunya ta kama su. Suka tsaya a bakin rijiyar coci, suka kawo omo da kananzir da soso. Filibus ya shiga ƙarƙashi da buroshi. Suka wanke injin nan tas, sama da ƙasa, har lungun da hannu ba ya shiga suka tura tsumma da tsinke. Sannan suka ɗaura zanen zumunta, suka cika bayan motar, suka taho da waƙa.

Baba Shekari yana zaune a benci suka iso. Suka sauko suka durƙusa suka gaishe shi. Filibus ya ɗaga bonet yana murmushi. Dattijon ya taso, ya leƙa, ya daɗe yana kallo. Injin yana ƙyalli kamar kwanon amarya.

"Wilson ne ya wanke?" ya tambaya.

"Mu ne, Baba," in ji Maman Tagwai. "Ai ba ma kawo maka ita haka ba. Da ka ga yadda take, da ka ce ba mu da uwaye."

"Har ƙasa?"

"Har ƙasa, Baba," in ji Filibus. "Ni da kaina na shiga."

Baba Shekari ya koma benci ya zauna. Shekara da shekaru yana fama da dillalai masu wanke injin don su ɓoye yoyo, har ya san ƙamshin sabulunsu. Yau ga dillali ya bar masa komai a fili, masu saye kuma sun goge don girmama shi. Ya so ya yi faɗa, ya dubi fuskokinsu, hannayensu duk sun yi fari da omo, sai ya rasa ta inda zai fara.

"Sannunku da aiki," ya ce. "Ɓarawo ya shiga gida, kun share tsakar gida kafin mai bin sawu ya zo."

Wata dattijuwa a cikinsu, Mama Celina, ta ce, "To Baba, sai mu mayar da dattin?"

Aka yi 'yar dariya, shi ma ya murmusa. Ya ce a je gidansa a ce wa Maman Dauda ta ba da tokar murhu da rariya. Maman Dauda ba ta ba kowa ba, ita ta kawo da kanta, don ta san abin da toka ke nufi.

"Baban Dauda," ta ce, "me aka ce maka a asibiti?"

"Daga sama zan duba."

"Haka ka ce wancan karon."

Ya bar injin ya bushe a rana. Sannan ya tankaɗe toka a kansa, siririya, ko'ina ya yi fari. Ya ba Filibus wata a takarda ya ce ya watsa a ƙasa, a tukunyar mai da mahaɗar giyabos. Ya ce matan su hau duka, Filibus ya ja su zuwa Mahuta ya dawo, kada ya tausaya wa motar a hawa. Mota ba ta faɗin ciwonta sai da kaya a bayanta.

Da suka dawo, saman injin fari fat, babu tabo. Matan suka fara murna. Baba Shekari ya dubi ƙasa, ya dubi matarsa.

"Baba, bari in shiga," in ji Filibus. "Ka faɗa mini abin da zan duba."

"Idonka yana son motar nan, Filibus. Ba zai gani ba."

Babu kwali. Maman Tagwai ta kwance mayafinta za ta shimfiɗa, ya hana ta. Aka samo takardar buhun siminti. Waɗanda suke wurin sun ce sai da mutum biyu suka riƙe shi kafin bayansa ya taɓa ƙasa, kuma Maman Dauda ta juya fuska ta kalli titi. Ya ja jiki ya shige. Ƙarfe na da zafi, toka na zubo masa a ido. A can ƙarƙashi ya ga abin da yake tsoro: baƙin layi ya keta farar toka daga mahaɗar injin da giyabos, wani kuma ya fara tsatsafowa ta gaba. Yana jin muryoyinsu a sama suna gardamar sunan da za a sa wa motar.

Da aka jawo shi, ya sa aka tayar da injin, ya ɗora murfin mai a bakinsa. Murfin ya yi ta rawa har ya faɗo.

"'Yata," ya ce wa Maman Tagwai, "ku mayar masa da motarsa."

"Baba, ba a gyarawa?"

"Ana gyarawa. A sauke injin, a buɗe shi, a nemi kayan da yanzu ba a samu. Ku za ku riƙa ciyar da ita, ba ita za ta ciyar da ku ba."

"Wan-kik fa take tashi, Baba, bugu ɗaya," in ji Filibus.

"Ni ma wan-kik nake tashi da safe. Ka tambayi Maman Dauda yadda nake kaiwa yamma."

Ba wanda ya yi dariya. Suka hau motar suka tafi ba waƙa. Wilson ya karɓi abarsa, ya ce shi ma haka ya saye ta, ya sayar wa wani da ya wuce da ita wajen Lafiya. Har yau babu wanda ya san abin da ya same ta. Wataƙila ta mutu a hanya, wataƙila tana nan tana aiki. Wannan rashin sanin ne ya ba masu magana baki. Aka ce tsufa ne, Baba ya saba da a'a har ya manta yadda ake cewa i. Maman Tagwai ta riƙa gaishe shi a coci daga nesa, gaisuwar da ba ta jiran amsa. Shi kuma ya yi kwanaki a kwance, Maman Dauda na gasa masa baya da ruwan zafi tana mita.

A nan ne yawancinmu za mu ce mun sauke nauyi. An tambaye mu, mun faɗi gaskiya, saura ya rage nasu. Baba Shekari bai iya ba. Yana kwance yana tunanin cewa ya raba mata da mota bai ba su komai ba, ga ruwan sama ya ɗauke, ganyen citta ya fara ja a gonaki. Da ya iya miƙewa, sai ya fara fita ba tare da kowa ya aike shi ba. Ya shiga bas ya je inda ya ji ana sayar da akori-kura, ya duba, ya dawo. Wata man giya aka ɗura mata don ya toshe yoyo. Wata ruwa ya haɗu da manta har ya zama kamar koko. Yakan dawo da yamma ya zauna a ƙofar gida bai iya cire takalmi ba.

"Wa ya sa ka?" in ji Maman Dauda. "Ko gaishe ka ba sa yi."

"Ba don gaisuwa ba ne."

"To don me ne?"

"Ni na ce a'a. Ba a barin a'a ita kaɗai a hannun mutum."

A wata gonar kaji a bayan Mahuta ya sami motar da yake nema. Shuɗiya ce a da. Ƙofar baya da waya aka ɗaure ta, gilashin gefe ya tsage, cikinta kuwa warin kashin kaji. Injinta baƙi ƙirin tun daga sama har ƙasa, ba a taɓa wanke shi ba. Wannan ne ya faranta masa rai. Ya bi baƙin da ido da yatsa, ya ga duk daga murfin sama ya gangaro. Ya sake kwanciya a ƙasa, a kan buhun abincin kaji, ya ga mahaɗar giyabos a bushe, sai ƙura. Ya ɗora murfin mai, ya zauna daram.

Ya aika aka kira Maman Tagwai da matan. Da suka gan ta, Mama Celina ta toshe hanci.

"Baba, wannan mota ce ko akurki?"

"Ka hana mu amarya ka kawo mana kakarta," in ji wata.

Maman Tagwai ta matsa kusa. Ta zagaya motar, ta dawo ta tsaya gabansa. Ta ga yadda ya jingina da bango, ta ga gashin kaji a bayan rigarsa.

"Baba, ka sake shiga ƙarƙashi?"

"Na shiga."

"Idan wannan ta ba ni kunya, ba ni da sauran fuska a zumunta."

"Na sani. Ba zan ce miki ba za ta taɓa lalacewa ba, ƙarfe ce. Amma cikinta lafiya lau. Yoyon nan na sama ne, zan toshe shi da hannuna. Ku saya."

Waɗanda suka san shi sun ce sun daɗe ba su ji kalmar nan daga bakinsa ba. Maman Tagwai ta juya ta dubi matan. Biyu suka ce su kam sun janye, ba za su zuba guminsu a akurki ba, kuma suka janye ɗin. Sauran suka tsaya. Ta ce wa Filibus ya je ya nemo mai gonar.

Canja gasket ɗin nan shi ne aikin ƙarshe da Baba Shekari ya yi da hannunsa. A tsaye ya yi shi, yana hutawa a tsakani. Tun daga ranar gonar kaji bayansa bai sake barinsa ya kwanta a ƙasa ba, kuma bai yi gardama ba. Citta ta iso Kaduna a bayan shuɗiyar motar a waccan kakar, ta sake isowa a ta bana. Ta taɓa fasa taya, ta taɓa cinye kuloci, amma ba ta taɓa kwana a daji ba. Gidajen matan nan ba su yi arziki ba. Ana dai ɗora tukunya, yara kuma suna zuwa makaranta da takalmi.

Kwanan baya aka tambayi Maman Tagwai ko ta huce. Ta ce, "Har gobe ta farkon ta fi kyau. Amma wannan tana dawowa gida."

Ƙarshen watan nan Baba Shekari zai rufe gareji. Zai koma ƙauye ya zauna kusa da ɗansa Dauda. Babu kamfanin da zai yi masa liyafa, babu agogon bango da za a ba shi. Shi ya sa muka ga ya dace a faɗi wannan tun yana jin mu.

Baba, kai ne ka yarda a ji haushinka yau don kada a yi kuka gobe. Kai ne ka kwanta a ƙasa mai zafi saboda mutanen da suka tafi suna ƙunƙuni. Ka gaji, mun gani, kuma gajiyar tamu ce ka ɗauka. Mun gode. Allah ya sassauta maka bayan nan, ya ba ka barci mai daɗi, ya saka wa Maman Dauda da ta yi ta gashi tana mita amma ba ta taɓa barin ruwan ya huce ba.

Ku kuma masu sana'a da ke tasowa, makanikai da teloli da mu malaman makaranta, akwai abin koyo a nan. Faɗin gaskiya rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne ka tsaya tare da wanda gaskiyar ta yi wa ciwo har ya sami madafa.

Duk wanda Baba Shekari ya taɓa ce wa a'a, ya daure ya je ya gaishe shi kafin ya tafi. Yana gida a Television, yawanci a ƙofar gida da yamma. Ku je da ƙafa. Wanda ya je da mota, Maman Dauda ta ce daga bakin titi za ta mayar da shi.